Waɗanda aka taɓa yi wa sikanin na kafaɗa ko gwiwa, ku zo ku ba mu labari

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Likita ya tura ni sikanin na kafaɗar dama ranar Talata. Wata uku ke nan ko ɗankwali ba na iya ɗaurawa sai an kama min. Ni sikanin na juna biyu kaɗai na sani. Shi ma wannan sai an sha ruwa an riƙe fitsari? Ana karyawa kafin a je?

Telan Unguwa: Wa alaikumus salam. Yaya, ki ci ɗumamenki ki ƙoshi. Ranar da za a duba min wuyan hannu ban karya ba, na shanye fiya wata leda huɗu, na zauna a layi ina mutsu-mutsu. Ma'aikacin har da dariyarsa. Ya ce riƙe fitsari na masu hoton mara ne, zama da yunwa kuma na masu hanta da matsarmama. Azumin da ba lada na yi.

Hajiyar Zariya: 'Yar uwa, kaya ne abin dubawa. Ni da doguwar rigar atamfa mai matsattsen hannu na je, kwalliyar fita sosai, ƙarshe sai da na tuɓe ta aka ba ni rigar asibiti. Ki sa shimi a ciki, riga mai faɗi a kai, sai hijabinki. Sarƙa da awarwaro ki bar su gida. Idan namiji ne zai yi, ki nemi mace ta tsaya, ni ban sha wahalar samu ba.

A zaune aka yi min, ba a kwance ba. Za su shafa jel ɗin nan mai sanyi da yauƙi kamar karkashi, su ɗora na'urar, sannan su ce ki mayar da hannu baya kamar mai kunce goyo, ki ɗaga, ki sauke. Nan ne zafin yake, ba a na'urar ba. Wai so suke su ga jijiyar tana motsi, su gane inda take maƙalewa. Har lafiyayyar kafaɗar suka duba don kwatantawa. Duka-duka minti 20.

Mai Tsaron Raga: Tawa gwiwa ce, a filin ƙwallo. Sai da na fara zuwa wajen mai ɗori, aka yi min tsaga aka shafa magani, sannan na je asibiti ina ɓoye-ɓoye. Suna gani suka gane. Aka ɗaga min rana har tsagar ta kame, aka ce in zo ba man zafi a wurin. Sun ga ruwa ya taru, amma jijiyoyin can tsakiyar gwiwa ba sa fitowa sosai a sikanin, sai aka ƙara tura ni MRI, wani hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu. Maza, ku sa gajeren wando a ciki.

Maman Auta: Jaririyata da ɗuwawu ta zo wajen haihuwa, shi ya sa tana sati 6 aka duba mata ƙugu. Na shayar da ita dab da shiga, har aka gama barci take.

Anti Nas: Ki tafi da tsohon hoton ƙashi in kina da shi, da takardar likita. Sikanin nan da sauti yake aiki, ba shi da hasken nan irin na hoton ƙashi, ko mai ciki ana yi mata. Sai dai ki tambaya ko za a haɗa da allura a gaɓar. In haka ne, mai shan maganin tsinka jini kamar warfarin da mai ciwon suga su faɗa tun kafin ranar.

Uwar Biyu: Allah Ya saka da alheri. Na yi lalle na bikin ƙanwata, ba matsala?

Anti Nas: Ba ruwansa da lalle. Allah Ya ƙara sauƙi.