Auren Jinsi: Abin da Masu Koyar da Katikizim a Zariya Suka Tsayar

Shawarar da ta fi ƙarfi a tattaunawar da masu koyar da katikizim suka yi kan auren jinsi ita ce a daina cakuɗa aure da addu'ar albarka. A Cocin Katolika aure sakramenti ne tsakanin namiji da mace, kuma tun 2003 Vatikan ta ƙi amincewa da rajistar zaman jinsi ɗaya a hukumance.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne takardar da Vatikan ta fitar a Disamba 2023. A cewarta, gajeriyar addu'ar albarka ga mutanen da ke zaman jinsi ɗaya ta halatta, ba zobe, ba kayan biki, ba lafazin ɗaurin aure. Duk da haka bishop-bishop na Najeriya sun ce ba za a yi hakan a nan ba. Dokar Najeriya ta 2014 da ta haramta auren jinsi ma ta tanadi ɗaurin shekara 14.

Wanda ya zo da tambaya kan wannan batu kuwa, a saurare shi a keɓe. Sakin layi na 2358 na littafin Katikizim na Cocin Katolika ya hana wulaƙanta masu sha'awar jinsi ɗaya.