Musayar baitoci kan zambon masu seminar gyaran kai

Marubucin wasan kwaikwayo:

Da sunan Allah na buɗe wannan zance,
Ina roƙon ma'abota alƙalami su taimaka da amsawa.

Wasan ban dariya nake rubutawa tun bara,
A kan tarukan gyaran kai da suke ta yawaitawa.

Ana kama zaure a otal ranar Asabar,
A sayar da fom, a yi rajista, sannan a bar ka shigewa.

Mai jawabi ya fito da kwat da makirufo,
Ya ce talauci tunani ne, kuma tunani yana sauyawa.

Ya ce ka gano kanka, ka tono baiwarka,
Ka rabu da masu ja da kai baya, ka daina nawa.

Ƙanena ya sayar da keken ɗinkinsa,
Don ya biya kuɗin mataki na biyu da ake ta yabawa.

Ya dawo da satifiket da bakin da ba nasa ba,
Ga shago a rufe, ga masu bashi suna ta zuwa.

Na rubuta fitowa uku, na karanta wa abokai,
Suka ce babu raha a ciki, zagi kawai nake jerawa.

To, yaya mai fushi zai ba jama'a dariya,
Alhali abin da ya gani har yau yana ƙona masa ƙwaƙwalwa?

Dattijo, tsohon malamin makaranta:

Ɗana, Allah ya mayar wa ƙanenka da alheri,
Amma fushi shi kaɗai ba ya haifar da wasa mai amfani.

Kafin ka yi wa sana'a zambo ka san asalinta,
Domin wannan ciniki ya girmi wannan ƙarni.

A Faransa an yi Emile Coué, mai haɗa magunguna,
Wanda ya zauna a Nancy yana koyar da warkarwa ta tunani.

Ya ce mutum ya maimaita cewa kullum yana ƙara samun sauƙi,
Sau 20 da safe, sau 20 da dare, yana furtawa da lisani,

Yana ƙirgawa da zare mai ƙulli 20,
Kuma da ya je Amurka a 1923 an yi cincirindon gani.

Dale Carnegie ya fara ajinsa a New York a 1912,
Yana koya wa masu jin nauyin jama'a tsayuwa su yi bayani.

A 1971 Werner Erhard ya buɗe nasa a San Francisco,
Awa 60 cikin ƙarshen mako biyu, da ƙa'idoji da hani.

Ana tara ɗaruruwan mutane a zauren otal,
Ko bayan gida ba a fita sai lokacin da aka ba da izini.

Kalmar da suka riƙe ita ce ko mutum ya "gane",
Kalmar da na waje ba shi da yadda zai ɗora ta a mizani.

A 1977 masu fim a can suka kwaikwayi irin taron,
Domin ƙungiyar da ta ƙago yarenta ta miƙa wa mai zambo tsani.

Kuma ba sai ka haye teku za ka koyi dabarar ba,
Ka tuna tashe, da yaran da ke wasan Jatau mai magani.

Idan azumi ya kwana goma, yaro ya rataya saiwoyi,
Yana jera cututtuka, kowacce ya ce yana da nata magani.

Bai taɓa zagin mai tallar ba, muryarsa ya ara,
Sai masu gida su ji da kunnensu alkawarin ya wuce tunani.

Malama mai koyar da sana'a:

Baba, na gode da tarihi, amma ina da ƙorafi,
Kuma Malam marubuci, da kai nake wannan tambaya.

Wa za a yi wa dariyar idan an ɗaga labule,
Mai sayar da kalmomin ko wanda ya zo da ciwo a zuciya?

Na zauna a irin taron nan bayan rasuwar mijina,
Lokacin da ko gaisuwa da maƙwabta ta zame mini wuya.

Yawancin abin da aka faɗa iska ce, na yarda,
Amma a can na fara miƙewa in yi magana ba kunya.

A can wata ta nuna mini yadda ake rubuta shiga da fita,
Kuma littafin nan ne ya riƙe mini jarina har na iya.

Waɗanda ke cika kujerun nan ba wawaye ba ne,
Masu digiri ne da ba aiki, da zawarawa, da masu neman hanya.

Idan ka mai da su shashashai a kan dandamali,
Ka haɗa kai da wanda ya karɓi kuɗinsu, ka ƙara musu tsiya.

A 1991 Al Franken, mai wasan ban dariya, ya fito a matsayin wani mutum a talabijin a Amurka,
Mai duban madubi yana lallashin kansa da kalmomin ƙarfafa zuciya.

Jama'a sun yi dariya, amma sun ƙaunace shi,
Domin an bar su sun ga raunin da ke ƙarƙashin dariya.

Ƙanenka ya cancanci irin wannan adalci a wasanka,
Ka ba shi hankali da dalili, ka nuna ya shiga da kyakkyawar niyya.

Ɗalibin adabi:

Yaya, gaskiyarki, kuma bari in ƙara kan aikin kansa,
Domin na daɗe ina sauraron yadda suke sarrafa Hausa.

Kalmominsu ba sa karɓar musu, nan ƙarfinsu yake,
Duk wanda ya yi tambaya, tambayarsa ce laifinsa.

In ka ci riba, tsarinsu ne ya yi aiki,
In ka faɗi, tunanin talauci ne bai bar ka ka isa.

Kuɗin shiga sunansa zuba jari a kanka,
Mai ba ka shawarar ka dakata sunansa mai ja da kai ƙasa.

Saboda haka kada ka ƙara wa yaren gishiri, Malam,
Ka rubuta shi daidai yadda mai shi yake furta abinsa.

Sannan ka ajiye shi kusa da abin da ido ke gani,
Kuɗin haya, buhun masara, yaro da kuɗin makarantarsa.

Ka kawo wadda ba ta san yaren ba, tsohuwa mai ƙosai,
Ta nemi a fassara mata, mai jawabi ya rasa amsa.

Dattijo:

Abu ɗaya ya rage, ɗana: kada ka kama sunan kowa,
Magabata sun san habaici ya fi zambo nisan zango da amfani.

In ka ambaci mutum ɗaya, sauran sun tsira,
In ka zana hali, kowannensu zai ɗauka da shi ake bayani.

Marubucin wasan kwaikwayo:

Baba, Malama, da kai ɗalibi, Allah ya saka,
Na yage fitowa ta biyu, ga yadda nake sakewa.

Mai jawabi na tsaka da cewa talauci tunani ne,
Sai janareta ya tsaya, fanka ta daina juyawa.

Manajan otal ya shigo da rasit a hannunsa,
Ya ce cikon kuɗin zaure ake jira kafin a kunna wa kowa.

Mai jawabi ya ce masa bashi ma tunani ne,
Manaja ya ce to ya sauya tunanin, ya ƙirgo yana dubawa.

Tsohuwa mai ƙosai ta ɗaga hannu daga baya,
Ta ce baiwar da za ta tono, mudunta a kasuwa nawa?

Tela na zaune a gaba, shi ne mai hankalin wasan,
Ya zo ne don yana son 'ya'yansa su fi shi samun rayuwa.

Shi zai ba wa wata bazawara kujerarsa a cikin duhun,
Su yi lissafin jarinta da fitilar waya, tana rubutawa.

Malama, wannan wurin naki ne, daga baitocinki na ɗauko,
Kuma ban san zan iya rubuta shi ba sai da kika yi tunatarwa.

Daren Juma'a zan kai wa ƙanena takardun,
Shi zai fara ji, kafin 'yan wasa su soma haddacewa.