Keke ko atisayen hannu: wanne zan fifita wa Baba bayan shanyewar ɓarin jiki?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu aikin fisiyo, wato masu farfaɗo da gaɓoɓi ta hanyar atisaye.

Babanmu mai shekara 67 ya samu shanyewar ɓarin dama watanni 4 da suka wuce, sanadiyyar hawan jini. Yanzu yana takawa da sanda, amma hannun daman ya ƙi sakewa, ko cokali ba ya riƙewa. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwaƙwalwarsa. Idan yana tafiya aka yi masa magana, cak yake tsayawa, ko ƙafar ta harɗe. Yakan kuma manta raka'ar da yake a sallah.

Mai fisiyo na farko ya ɗora shi kan keken motsa jiki, minti 20 kullum, ya ce gudun jini zuwa ƙwaƙwalwa zai taimaki tunaninsa. Numfashinsa da barcinsa sun gyaru, hannun bai canza ba. Mai fisiyo ta biyu ta ce a rage keken, a sa wa hannun hagu safa, a tilasta wa na dama ɗaukar kofi da jan carbi, sannan ya riƙa ƙirga baya-baya yana tafiya. Yatsun sun ɗan fara motsi, sai dai kafaɗar na ciwo, kuma ƙirgar ta kusa kayar da shi a tsakar gida. Da muka haɗa duka a rana ɗaya, gajiya ta kwantar da shi, jininsa ya kai 165/95.

An ce mana watanni 6 na farko ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, ga shi lokacin na ƙurewa.

Ga wanda ƙarfinsa bai wuce atisaye ɗaya a rana ba, wanne ya kamata a fifita domin hannu da ƙwaƙwalwa su amfana tare: keken, ko maimaita aikin hannu da ƙirga?