Waɗanda suka taɓa shiga sabar gwaji, me kuka tarar a can?

Na Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya a shagon caji na bakin layinmu musu ya kaure kan Advance Server, wato sabar da ake gwada sabbin kayan wasan waya na Free Fire kafin su fito. Wani yaro ya rantse can ake kwasar dayamon (kuɗin cikin wasan) kyauta, mai shagon ya ce ƙona data ne kawai. Ni ban taɓa leƙawa ba. Wanda ya shiga da kansa ya ba mu labari.

Ɗan Rafin Daɗi: Wa alaikumus salam. Sau biyu na shiga. Manhaja ce daban da wadda ka saba bugawa, kuma ta Android ce. Rajista za ka yi a shafin Garena, kamfanin wasan, in rabonka ya tsaga su ba ka lambar shiga. Sukan buɗe ta kafin sabon OB, wato sabon zubin wasan, ya fito, bayan 'yan kwanaki su rufe. Duk abin da ka tara a can, a can yake mutuwa, ba ya biyo ka asusunka na gaske. Dayamon ɗin kuma ladan kai rahoton tangarɗa ne. Na tura uku ban samu ko ɗaya ba, ina jin an riga ni.

'Yar Daura: Ni ta Call of Duty Mobile na gwada. A dandalin Reddit suke sanya mahaɗar saukewa, kuma mutanen da suke ɗauka ƙayyadaddu ne. Na sayi datar dare, na kai rabin saukewa aka ɗauke wuta, waya ta mutu. Da na samu caji da hantsi, gurbi ya cika. Karo na biyu na shiga, amma a zafin Afrilu ne, wayar ta koma kamar dutsen guga, ga ping, wato jinkirin sabis, ya haura 200. Sai na faɗi ƙasa sannan na ga wanda ya harbe ni.

Ɗalibi, Batagarawa: Yaya, abin da ya same ki ɗin nan shi ne amfaninki a wurinsu. Masu gwajin kamfani ba su da yawa, kuma ba za su iya riƙe kowace irin waya a duniya ba. Yadda wasan zai yi a waya mai ram giga 2, a sabis mai zuwa yana ɗaukewa, a hannun irinmu ake ganinsa. Ko ba ki rubuta komai ba, sabar tana ƙirga inda wasa ya tsaye da bindigar da ta fi kashe mutane. In sabuwar bindiga ta yi ƙarfi fiye da kima, dubban mutane za su gano a dare ɗaya, a rage mata kafin ta iso babbar saba. Amma fa gwaji abin da aka auna shi kawai yake kamawa. Ku tuna wasan ƙwallo na eFootball 2022: a Yunin 2021 Konami, mai wasan, ta buɗe gwajin haɗa 'yan wasa ta intanet, wasan ya fito 30 ga Satumba da fuskokin 'yan ƙwallo a karkace, har sai da ta ba da haƙuri.

Baban Ummi: Ku dai ja kunnen ƙannenku. Nawa ya tura wa wani dubu 2 wai zai sayar mashi da lamba, ya kuma cika sunansa da kalmar sirri a wani shafin bogi. Kuɗi suka tafi, Facebook ɗinsa ya bi su. Lambar nan ba sayar da ita ake ba.

Ɗan Rafin Daɗi: Ɗalibi, ka faɗi gaskiya, amma yawancin waɗanda na haɗu da su can ba rahoto ya kai su ba. Bidiyo suke ɗauka su sa a TikTok, a ce sun riga kowa ganin sabon kaya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Na Ƙofar Ƙaura: Na gode ƙwarai. Wayar tawa irin wadda Ɗalibi ya kwatanta ce, sai na goge hotunan bikin ƙanwata kafin wuri ya samu. Rafin Daɗi, in an buɗe rajista ka taɓo ni.