Neman shawara: saura wata biyu tallafin coci ya ƙare, ga kuma maganar da na ɓoye wa kwamiti

Maman Biyu, Winnipeg:
Salama 'yan'uwa. Kwana uku ke nan barci ya ƙaurace mini, shi ya sa na kawo maganar zaure. Ni 'yar Biu ce, shekarata 11 a Kanada, ina aikin kula da tsofaffi. Cocinmu ƙarama ce, yawancin 'yan ikilisiya Turawa ne da suka manyanta, ni kaɗai ke jin Hausa. Da aka fara zancen ɗaukar nauyin 'yan gudun hijira, ni na miƙe a sujada na ba da labarin Minawao, sansanin da ke kusa da Mokolo a arewacin Kamaru, inda mutanenmu suke tun 2013. Iyalin da muka ɗauka 'yan bayan dutsen Gwoza ne, sun gudu a 2014, da ƙafa suka tsallaka duwatsu. Maigida, uwargida da yara huɗu, biyu a sansani aka haife su. Mun yi baiko na musamman, zumuntar mata ta toya burodi ta sayar, wata gwauruwa ta ba da gado da tukwanenta. Shekaru muka yi muna jiran takardu. A Janairu suka sauka, ni na riƙe rigunan sanyi shida a filin jirgi. Da muka fito waje, autarsu ta ga numfashinta na tashi kamar hayaƙi, ta ƙanƙame uwarta tana kuka wai wuta ta kama cikinta.

To ga matsalar. Duk wata maigidan yana cire dala 200 daga kuɗin da coci ke ba su, yana tura wa tsohuwarsa da ta rage a sansani. Tun wata na uku na sani. Ni ce tafinta, don haka ranar da ma'aji ya tambayi me ya sa firij ɗinsu ba komai sai kabeji da madara, na juya maganar na ce ba su saba da cimar nan ba. Makon jiya matar ma'aji ta ga rasit a kan tebur. An kira taro ranar Alhamis, ana batun rage musu kuɗi tunda suna karɓar kuɗin yara daga gwamnati. Shi kuma har yanzu bai samu tsayayyen aiki ba. In faɗa musu na sani tun da daɗewa, ko in ja bakina?

Dattijo, Toronto:
'Yata, kwantar da hankalinki ki saurare ni, sau uku ina zama a irin wannan kwamiti. Ma'ajinku ba shi da hurumin taɓa ko sisi. Cocinku ta sa hannu cewa za ta ciyar da su, ta biya haya, ta tufatar da su wata 12, kuma abin da take ba su kada ya gaza wanda gwamnati ke ba nata 'yan gudun hijirar. Kuɗin yara haƙƙin yara ne, ƙa'ida ta hana a fake da shi a rage tallafi. Wannan tsari ba jiya aka fara shi ba. Tun 1979, lokacin 'yan Biyetnam masu gudu a kwale-kwale, 'yan Mennonite suka ƙulla yarjejeniya da gwamnati, sauran ikilisiyoyi suka bi sahu. Ƙaramar coci irin taku a ƙarƙashin wata babbar ƙungiya mai yarjejeniya take aiki. Ki kira jami'in ƙungiyar gobe da safe. Kwamitin da aka samu ya saɓa alkawari ana iya hana shi sake ɗauko kowa. Batun kin sani ko ba ki sani ba kuwa, wa ya tambaye ki? Kuɗi in ya shiga hannun mutum nasa ne. Ki yi shiru.

Anti Edmonton:
Hmm. Ni dai na daina shiga irin wannan. Mun ɗauko wani iyali, ni na riƙa tashi ƙarfe biyar ina kai matar asibiti lokacin da take da juna biyu, ni na koya wa yaran hawa bas. Shekara na cika suka tattara suka koma wani gari wurin danginsu, ko sallama ba su yi mini ba, a bakin maƙwabta na ji. Har yau in na wuce ta layin sai ƙirjina ya yi nauyi. Ga 'yan gida kuma kullum waya, sun ɗauka a titi muke tsintar dala. Ki kula da kanki Maman Biyu, wanda kika goya ba lallai ya tuna bayanki ba.

Ɗan Michika:
Baba, da girmanka, ban yarda da shirun nan ba. Dokar da ka faɗa gaskiya ce, amma Anti Maman Biyu ba doka ta tambaya ba. An ba ta amanar baki ta canza magana. Tsofaffin nan daga fanshonsu suka cire, kuma gobe su za a sake roƙa. Anti, ki je wurin fasto kafin Alhamis ki faɗa masa da bakinki. Sannan ina da tambaya: sunan wa ke kan takardar hayar gidan? Kuma shi maigidan ya san kin rufa masa asiri da ƙarya?

Dattijo, Toronto:
Yaro, ka taɓa zama da Turawa a kan maganar kuɗi? Tana furtawa za a manta da batun rage tallafi a koma kanta. Ita za ta zama abin tuhuma, iyalin su rasa mai tsaya musu. Kuma ku sani tsohuwar nan ba ta da wata hanya mai sauƙi. Damar shekara guda da ake bayarwa ta ɗauko wanda aka bari a baya, ta mata ko miji ce da 'ya'yan da aka rubuta a takarda, uwa ba ta ciki. Wata ƙofar, wadda mutum biyar ke haɗuwa su ɗauki nauyi, gwamnati ta dakatar da karɓar sabbin takardunta a Nuwamban 2024. To ɗa ya ci nama uwarsa na layin abinci? Ni ma haka zan yi.

Maman Biyu, Winnipeg:
Ɗan Michika, ba ƙarya na yi ba. Da gaske ba su saba da cimar ba, watanni ina kai su shagon 'yan Afirka neman kuɓewa busasshiya da garin masara. Rabin gaskiyar na faɗa. Kai ba ka ga mutumin nan ba ranar da ya nuna mini hoton tsohuwarsa a waya, tana zaune a bakin tanti da ƙafa a kumbure. Dattijo mai furfura yana share hawaye da hular sanyi, in tashi in kai ƙararsa? Anti Edmonton, su ba haka suke ba.

Malamar Asibiti, Brandon:
Ni abin da ke damuna ba taron Alhamis ba ne, wata na 13 ne. Tallafi zai yanke a Janairu, tsakiyar sanyi, kuma daidai lokacin ne bashin kuɗin jirgi ke fara bin su, don bayan shekara ake fara biya, ko da yake babu kuɗin ruwa. Suna da takardar zaman dindindin tun ranar da suka sauka, saboda haka in aiki bai samu ba suna iya neman tallafin gwamnatin Manitoba, amma a fara cika takardu tun yanzu. Ku zauna da biro ku ga ko hayar za ta biyu. Kuma 'yar'uwa, ki sauka daga tafinta. Cibiyoyin taimakon baƙi suna samar da tafinta da ba ruwansa da kowa. Ba a zama lauya da shaida a shari'a ɗaya.

Anti Edmonton:
Bashin jirgin nan ma, ni na taya waccan cike takardar biyansa a kan teburin cin abincina. Kayya.

Dattijo, Toronto:
Kada ta sauka! Baƙon tafinta zai fassara musu kalma, ba zai fassara musu kunya ba. Maigidan ba zai buɗe cikinsa ga wanda bai sani ba. 'Yata, kin kira jami'in?

Maman Biyu, Winnipeg:
Ban kira ba tukuna Baba, ina gudun a ce na kai ƙarar cocina waje. Malama, in na sauka wa zai raka uwargidan awo? Ba ta yarda da kowa sai ni. Na gode muku duka. Fasto ma ya yi tafiya sai Laraba da dare.

Ɗan Michika:
Anti, har yanzu ba ki faɗa mana sunan wa ke kan takardar haya ba.