Bututun tururi a ɗakin ƙasa: a naɗe shi ko a bar shi haka?

Baban Amira:
Assalamu alaikum. Bara muka sayi wani tsohon gida a yankin Bronx na birnin New York wanda ake ɗumama shi da tururi, tukunyar tana ɗakin ƙasa, bututun ƙarfe kuma suna kai tururin zuwa radiyeta, wato ƙarfen da ke fitar da ɗumi, a kowane ɗaki. Yawancin bututun a tsirara suke, sai wani yanki da ke naɗe da wani farin abu mai kama da kwali wanda ya fara rugurguzewa. Tun shigowar hunturu ɗakin ƙasa ya yi zafi kamar gidan burodi, ɗakin yara a sama kuwa sai an daɗe radiyetarsa ba ta ɗauki zafi ba, ga kuma ƙara da asuba kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Shin in sayi sosan robar da ake naɗe bututun ruwa da shi in naɗe su da kaina?

Kawu Mai Famfo:
Wa alaikumus salam. Kada ka sayi sosan roba, domin zafin tururi ya kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, kuma zai narkar da shi. Abin da ya dace shi ne audugar gilas mai kaurin inci 1 aƙalla, wadda ake sayarwa a tsage ta gefe ɗaya. Bututun da ke tsirara yana zubar da zafinsa a hanya, sai tururin ya koma ruwa tun kafin ya isa sama, kuma idan sabon tururi ya taso da gudu ya ture wannan ruwan ya maka shi a gwiwar bututu, shi ne bugun da kake ji. Ka lura wajen awo, domin bututun da ake kira mai inci 2 faɗinsa ta waje ya haura inci 2, kuma kada ka rufe ƙananan kawunan da ke fitar da iska a ƙarshen babban bututu.

Hajiya Maman Yusra:
Ni farin abin nan ne ya tayar mini da hankali. A gidajen da aka gina kafin 1975, shekarar da Amurka ta hana naɗe bututu da asbestos (wani ma'adini mai zare-zare da ke jure zafi), yawanci shi ne, kuma ƙurarsa tana jawo cutar huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Don Allah kada ka kankare shi ko ka share ɓarɓashinsa da tsintsiya, ka hana yara sauka wurin, ka kira masu lasisi su ɗauki samfuri su gwada.

Kawu Mai Famfo:
Hajiya ta yi gaskiya, wannan ya kamata a fara yi. Idan an gama naɗewa ƙarar ba ta daina ba, a duba ko bututun ya lotsa a wani wuri ruwa yana kwanciya. Ɗakin ƙasa kuma zai yi sanyi, saboda haka a naɗe bututun ruwan sha da ke kusa da taga, kada ya daskare ya fashe.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kulle ƙofar ɗakin ƙasa, masu gwajin kuma za su zo ranar Litinin.