Musayar Waƙa: Jambito, Zo Ka Ji

Ɗan Samaru:
Ƙanena ya samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) bana, ya zama jambito, wato sabon ɗalibi, ya ce in ba shi shawara. Amsa-amon "ya" ne, mai iyawa ya ɗora.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba wa bawa ilmi da shiriya.

Na tuna ranar saukata Samaru,
Da buhun gari da 'yar tukunya.

Jami'ar da Sardauna ya kafa,
Tun 1962 take a Zariya.

Sanyin hunturu na tsaga leɓe,
Ƙarfe bakwai mun riga mun ɗau hanya.

Lakcar safe, duk wanda ya makara,
Tsayuwa zai yi can a layin baya.

Mu huɗu ke haɗa kuɗin cefane,
Garau-garau, mai da yaji, ba miya.

Ƙarshen wata in aljihu ya bushe,
A jiƙa gari, a sha, a yi dariya.

Da rana Laburaren Kashim Ibrahim,
Da dare aji, sai mun ga safiya.

Ƙanena, kar ka ce da sauran lokaci,
Aji ɗaya shi ne tushen tafiya.

Makin da ka tara a shekarar fari
Yana bin ka har fita, ba ƙarya.

Mai son digiri mai daraja ta ɗaya,
4.50 cikin 5, sai da juriya.

Kwas ɗin da ka faɗi yana jiran ka,
Baɗi ka zauna da ƙannenka, ga kunya.

'Yar Kabuga:
Sannu da ƙoƙari Malam, amma ka bar rabin zancen a ƙasa.

Batun maki ban musa maka ba,
Sai dai ka tsallake wata gaskiya.

Ni a Bayero na yi nawa,
Tsohuwar haraba da sabuwa, na sha tafiya.

Ina aji uku aka tafi yajin aiki,
A 2022, kowa ya sha wuya.

Daga Fabrairu har zuwa Oktoba,
Wata takwas, ba lakca ko ɗaya.

Wasu barci, wasu latse-latse,
Ni na zauna kan keken ɗinkin Yaya.

Na koyi yanka, na koyi haɗawa,
Har na iya ɗinka rigar amarya.

Da muka koma, ɗinki ya riƙe ni,
Ban sake roƙon Baba ba a waya.

Na gama bautar ƙasa, ga kwali,
Aikin ofis har yau yana kan hanya.

Ɗan Kongo:
Kullum Samaru, Samaru! Mu da muka karanta shari'a fa?

Kongo ma ABU ce, Ɗan Samaru,
Ka sa mu a baiti ko mu kai ka shari'a.

'Yar Kabuga:
Lauya, amsa-amonka ya karkace. A sake zama.

Ɗan Samaru:
Hajiya, ban raina allura ba,
Amma kar ki sa yaro ya juya baya.

Na san wani mai sayar da data,
Ciniki ya yi daɗi, ya bar ajin gaba ɗaya.

Ranar da aka kafe sakamako,
Ya duba allo, ya dafe ƙeya.

Sana'a a hutu, na yarda da ke,
Lokacin jarrabawa a ajiye ta, Hajiya.

'Yar Kabuga:
Wancan ba sana'a ta kayar da shi ba,
Ko ba data, da ya faɗa rijiya.

Jambito:
Yaya, Anti, na gode ƙwarai,
Duk na rubuta, na sa a zuciya.

Karatu zan yi, in koyi aski,
In ya so a hutu in riƙa moriya.

Sai dai rajista an kusa rufewa,
Ga kuɗin gado, ga na mota, Yaya.

Ɗan Samaru:
Shawara na ce zan ba ka, ɗan nan,
Ban ce da kai na buɗe baitulmali ba.

'Yar Kabuga:
Da aka zo batun kuɗi, har mai gidan ya saki amsa-amo!

Ɗan Samaru:
To, na mota zan turo da yamma,
Rajista kuwa, nemi rancen ɗalibai na NELFUND ta waya.